Ranar da Injiniya Ya Wanke Kwamfutar Yayansa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, a layin masu gyaran kwamfuta, wanda kowa ke kira Injiniya. Bai taɓa taka jami'a ba. Kwastomomi ne suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai ce a'a ba.

Shagonsa ɗan tsukuku ne, in mutum uku suka zo sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Akwai teburi mai gilashi a sama, da fanka da ke juya kai tana ƙara, da matattun laftof jibge har kusa da silin. Kullum wurin na ƙaurin dalma. Hannunsa na da kyau, wannan ba a musu. Kwamfutar da wasu suka ce ta mutu, in ta kwana biyu a wurinsa sai ta buɗe ido.

Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayani, yadda ni ma aka yi mini. Kwamfuta ƙarfe ce kawai, ba ta motsi sai an zuba mata babbar manhajar da take tashi da ita. Waɗanda suka yi manhajar sayarwa suke yi. In ka biya, su ba ka lasisi, wato wasu lambobi da haruffa da za ka shigar, ta buɗe maka gaba ɗaya. In ba ka biya ba za ta yi aiki, amma wani ɗan rubutu dishi-dishi zai zauna a gefen allo daga ƙasa, yana tuna maka ba ka biya ba. Ba ya zagi, ba ya ihu. Yana nan dai.

To akwai wasu mutane da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu, suka ƙera wata 'yar manhaja da ke yaudarar babbar. In ka saka ta, sai babbar ta ɗauka an biya, rubutun nan ya ɓace. Kyauta suke zuba ta a intanet, kowa ya kwasa. Na daɗe a kasuwa, 'yan uwa. Ban taɓa ganin ɓarawon da ke yanka makullan gidajen mutane yana rabawa sadaka ba. In ka ga yana rabawa, ya ajiye nasa kwafin.

Injiniya ya sauke wannan abu ya zuba a wani filash baƙi, ɗan abin nan da ake adana manhaja a ciki a cusa wa kwamfuta, da yake rataye a jikin makullan babur ɗinsa. Da shi yake aiki. Kuma abin na da sharaɗi guda: ba ya shiga sai an kashe antibairos, wato mai gadin kwamfutar. In mai gadin na nan, da ya hango shi zai yi kururuwa ya jefar da shi waje. Saboda haka farkon abin da Injiniya ke yi a kowace kwamfuta shi ne ya kashe mai gadi, ya kuma toshe hanyar da zai sake tashi.

Ku tsaya a nan ku yi tunani. Baƙo ya zo ƙofar gidanka ya ce ba zai shiga ba sai ka sallami mai gadi. Wane irin baƙo ne wannan?

Wani lokaci kwastoma mai ɗan tsoron Allah kan tambaya, "Injiniya, wannan abin ba haramun ba ne kuwa?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Haramun kuma? Na haura katangar wani? Manhajarsu na nan a wurinsu, ko ƙwaya ba ta ragu ba. Masu kamfanin nan ko sunan unguwarku ba su sani ba, malam."

A yi dariya, a biya, a tafi.

Yana da wata ɗabi'a kuma da duk layin suka san shi da ita. Maganin kowace cuta a wurinsa fomatin ne, wato a goge duk abin da ke cikin kwamfuta tas, a sake zuba sabuwar manhaja. Shi wanki yake ce masa. Tana nauyi? A wanke ta. Firinta ta ƙi ji? A wanke ta. Maƙwabtansa har tsokanarsa suke yi, suna cewa ko mura kake yi kada ka gaya wa Injiniya, cewa zai yi a kwantar da kai a yi maka fomatin. Wanki ya fi bincike sauri, kuma duk kwamfutar da aka wanke sai ta sake buƙatar filash ɗin nan baƙi.

Wannan mutum yana da wa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma tun iyayen suka rasu wan nan ne ya riƙe shi, ya ciyar da shi, ya kai shi koyon aiki, ya tsaya masa a aurensa. Yaya yake ce masa. Shi kuma yayan, duk da ƙanin ya ajiye gemu da 'ya'ya, Auta yake kiransa.

Yaya na da shagon buga takardu kusa da wata tashar mota. Yana fotokwafi, yana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Amma babban aikinsa shi ne yi wa mutane biyan kuɗi ta intanet: kuɗin jarrabawa, kuɗin makaranta, kuɗin wuta. Tsofaffi da direbobi da matan da ba su iya latse-latse ba kan miƙa masa katin bankinsu, su faɗa masa lambar sirri da bakinsu, su koma benci su zauna. Abin da yake sayarwa ke nan a gaskiya, amana. Mutum ne mai sanyi, mai ciwon suga, mai tabarau ɗaure da zare. In ya buga maka takarda ya ga kuskure ɗaya, zai yaga ya sake, ba zai caje ka ba.

Da Yaya ya sayi sabuwar kwamfuta, ya kira ƙaninsa ya ba shi kuɗin lasisi a hannu.

Ya ce, "Auta, orijinal nake so. Sirrin mutane ke bi ta cikinta."

Injiniya ya ce, "Haba Yaya, kai ma sai ka faɗa?"

Matar Yaya na gefe, ta kawo wa mijinta abinci. Ita da ƙanin mijinta kullum cikin wasa suke. Ta ce, "Ka dai sa masa ido, Baban yara. Wannan mijin nawa na biyu ko agogo ka ba shi gyara sai ya dawo maka da rediyo."

Injiniya ya ce, "Ke da ba ki san inda ake kunna ta ba? Ranar nan linzamin kwamfuta kika ɗauka kika kara a kunne."

Aka yi dariya. Ya ɗauki kwamfutar ya tafi shagonsa. A can ya kashe mai gadi, ya cusa filash ɗinsa, rubutun gefen allo ya ɓace. Kuɗin lasisin ya sa a aljihu. Daga baya, da yake ba da labarin, ya ce ya yi ta ƙoƙari ya tuna abin da ya saya da kuɗin, ya kasa. Ba gida ya gina ba, ba asibiti ya kai wani ba. Sun dai tafi a mai da kati da shayi.

Ya mayar da kwamfutar. Yaya ya gyara tabarau ya duba allo, ya ga fes, ya sa masa albarka.

Lokaci ya ja. Ba abin da ya faru. Wannan shi ne abin tsoro a zunubi, 'yan uwa. Da a ce ranar da mutum ya yi shi rufin ɗaki ke faɗo masa, da duk mun shiryu. Amma sai ka yi, ka ci abinci, ka yi barci, gari ya waye lafiya lau.

Sai kwamfutar ta fara nauyi. Fankarta kan yi ta gurnani ko ba wanda ya taɓa ta. Yaya ya yi ƙorafi. Injiniya ya ce, "Tsufa ne, ta biyo mai ita."

Abin da ba su sani ba, 'yar manhajar nan ba ita kaɗai ta shigo ba. Ta zo da wani abu a ɓoye wanda ke haddace duk abin da aka danna a kibod, ya aika wa masu shi can inda suke. Kowace lambar kati, kowace lambar sirri. Masu shi ba su yi gaggawa ba. Sun bari suka tara, sannan suka fara kwasa.

Farko wata tsohuwar malamar makaranta ce ta zo, ta ce fanshonta ya ɓace daga banki. Da ladabi ta zo, tana neman shawara ne ma. Sai wani direba. Sai wata mai sayar da atamfa, wadda ita kam ba da ladabi ta zo ba. Mutanen suka haɗu a layin banki, suka fara tambayar juna, suka gano abu ɗaya ya haɗa su: duk a shagon Yaya suke biyan kuɗi. Bankin ya duba ya ce wasu daga cikin kuɗin ma ta cikin kwamfutar shagon aka tura su.

Wani ɗan sanda ya zo da farin kaya, ya yi tambayoyi, ya ce za su dawo da masanin kwamfutarsu ya duba ta. Yaya har daɗi ya ji. Ya kira ƙaninsa ya ce, "Alhamdu lillahi, Auta. Su zo su buɗe ta su ga ba ni da hannu, in huta da kallon da ake mini a masallaci."

Me kuke jin ya faɗo wa Injiniya a rai? Fanshon tsohuwa? Halin da yayansa ke ciki? A'a. Abu ɗaya ya gani: masani zai buɗe kwamfuta, ya ce wannan manhajar ta sata ce, Yaya ya juyo ya dube shi ta saman tabarau. Wannan kallon kaɗai ya ji tsoro.

Ya ce, "Yaya, bairos ne ya shige ta. Kada mutanen nan su zo su same ta da datti su ɗora maka. Ka bari in wanke ta."

Yaya ya ce, "Ba laifi a taɓa ta kuwa?"

"Wanki ne kawai. Aikina ne fa."

Yaya bai san kwamfuta ba sai wajen bugawa. Ya san ƙaninsa. Ya miƙa masa makullin shago ya tafi ɗauko yara daga makaranta.

Rana tsaka ne, ana ta hayaniyar tasha, kwandastoci na kiran fasinja. Injiniya ya ja ƙofa, ya zauna a kujerar yayansa mai matashin da ya lotsa. Bai yi wankin da ya saba ba. Ya yi mai zurfin, wanda in an yi shi ba mai iya tono abin da ya taɓa zama a ciki. Ya zauna yana kallon layin nan da ke cika a hankali a kan allo har ya kai ƙarshe. Sannan ya sayi lasisi na gaske da kuɗinsa, ya saka. Ya kunna mai gadi. A ranar ne kwamfutar Yaya ta samu orijinal ɗinta.

Ya fito yana jin ya biya abin da ya ci, ya rufe maganar.

Da masanin 'yan sanda ya buɗe ta, ga abin da ya gani: kwamfuta fes, manhaja ta halal, mai gadi a tsaye, ba bairos ko ɗaya. Kuma an goge ta tas bayan ɗan sanda ya zo ya tafi. Ku gaya mini, in ku ne, me za ku ce? Da an bar ta yadda take, da masanin ya ga abin da ke ɓoye a ciki, ya ga inda yake aika lambobin, ya san mai shagon shi ma cutarsa aka yi. Dattin nan da Injiniya ya wanke shi ne kaɗai shaidar Yaya a duniya.

A ranar suka tafi da shi, da tabaransa da robar maganinsa.

Suka tambaye shi wa ya goge kwamfutar. Ya ce, "Ni na sa a wanke. Yaron da ya yi, aikinsa kawai ya yi, ku bar shi." Suka kira Injiniya. Ya tsaya a gaban teburi ya ce, "Ya ce in wanke, na wanke." Aka rubuta, ya sa hannu, ya fito. Ya ce a hanyar komawa har ya tsaya ya sha mai a babur, ya karɓi canjinsa ya ƙirga.

Har lokacin yana gaya wa kansa ba daga filash ɗinsa ba ne. Sai wata rana maƙwabcin shagonsa, shi ma mai gyara, ya ari filash ɗin ya cusa a kwamfutar da mai gadinta ke kunne. Ya leƙo ya ce, "Injiniya, wannan manhajar taka wutsiya gare ta fa. Kwashe abin da mutum ya danna take yi. A ina ka samo ta? Jefar da ita kafin ta ja maka."

Ya ce, "To."

Nan ma ƙofa na buɗe, 'yan uwa. Shari'a ba ta ƙare ba. Filash na hannunsa. Kwamfutocin da ya saka wa abin suna nan birjik a gari, a kemis, a shagunan ɗinki, a ofisoshi. Ko ɗaya ya ɗauka ya kai wa lauyan Yaya, da magana ta canja. Amma da ya yi haka, kowa zai san abin da ya daɗe yana zuba wa mutane, har da waɗanda ya karɓi kuɗin orijinal a hannunsu.

Sai ya ɗora filash ɗin a kan dutse ya farfasa da guduma, ya watsa a kwata. Ya hau babur ya bi kwastomominsa ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu sabis kyauta yake yi wa tsofaffin abokan ciniki. Ya wanke su duka. Suna ta godiya. Wata mai kemis har lemo ta ba shi.

Kotu ta sami Yaya da laifi. Aka yanke masa shekaru, aka sayar da kayan shagon aka rage wa mutane asara. Da alƙali ke karantawa, Yaya na tsaye yana gyaɗa kai kamar ana karanta masa takardar da zai buga. Matarsa ta zauna a ƙasa a bakin kotu. Injiniya ne ya ɗaga ta, ya tsayar mata da mota.

Daga nan ya zama mutumin kirki a idon kowa. Shi ke kai wa Yaya abinci da magani gidan yari. Shi ke biyan kuɗin makarantar yaran. Matar Yaya ta daina yi masa wasa, ba don ta zarge shi ba, wasan ne ya ƙare mata. In ya kawo cefane sai ta ce, "Allah ya saka, ƙanina. Da ba kai, ban san inda za mu sa kanmu ba." Dattawan unguwa na nuna shi ga 'ya'yansu.

Shi kuwa ba ya jin komai. Ba baƙin ciki ba, ba tsoro ba. Ya ce abinci ya koma masa kamar yana tauna kwali. Yakan idar da salla bai san abin da ya karanta ba. Ɗansa ya faɗi ya fasa goshi, ya tsaya yana kallon jinin kamar na ɗan wani. Yakan kwance kwamfuta ya jera sukurorin a kan teburi, ya zauna yana kallonsu har mai ita ya dawo. Ya nemi kuka ya rasa. Wannan ba sauƙi ba ne, 'yan uwa. Ƙafar da ta daina jin ƙaya ba warkewa ta yi ba.

Ciwon sugan Yaya ya tashi a ciki. Ido ya fara dushewa, ƙafa ta kumbura, wani ɗan ƙurji a yatsa ya ƙi warkewa. Ranar da Injiniya ya ga an riƙo yayansa ta hammata an kawo shi wurin ganawa, ya fito bai koma shago ba. Ya wuce ofishin lauya.

Ya faɗa masa komai, tun daga kuɗin lasisi. Lauyan ya saurara yana juya biro. Da ya gama, lauyan ya ce, "Ina filash ɗin?"

"Na fasa."

"Sauran kwamfutocin da ka saka wa?"

"Na wanke su."

"Duka?"

"Duka, Barista."

"Maƙwabcin naka da ya gani fa?"

Aka nemo shi. Ya ce shi bai tuna wani filash ba, kuma kada a sa shi a maganar kotu. Shi ma da irin wannan manhajar yake aiki, ya zai zo ya tsaya gaban alƙali?

Lauya ya ajiye biro ya ce, "Malam, ka san sau nawa ƙani ke zuwa nan ya ce shi ya yi, a saki wansa? Ka riga ka sa hannu a kan wata magana a gaban 'yan sanda. Yanzu ka zo da wata, ba ka da ko tsinke a hannu. Zan rubuta, amma kada ka sa rai."

Ya rubuta. Ba abin da ya biyo baya.

Sai ya tafi wurin Yaya. A lokacin an mayar da shi ɗakin marasa lafiya na gidan yarin, gado na ƙarfe, ƙafar a naɗe, ƙuda na bin bandejin. Injiniya ya durƙusa a gefen gadon ya faɗa masa. Ya ce, "Yaya, ban sa maka orijinal ba. Na ci kuɗin. Abin da na saka shi ya kwashi kuɗin mutane. Na wanke ta ne don kada ka sani."

Yaya ya miƙo hannu. Sannan ya lalubo kan ƙaninsa ya dafa, ya yi 'yar dariya.

Ya ce, "Barista ya gaya mini ka je. Auta ke nan. Tun kana yaro haka kake, in na fasa kofi sai ka ce kai ne."

"Wallahi Yaya gaskiya nake faɗa."

"Kada ka yi rantsuwa a kan ƙarya saboda ni. Ni da idona na ga takardar lasisin, 'yan sanda ma sun ce orijinal ce. So kake su kama ka, yara su rasa mu duka biyu? Wa zai riƙe gidan?"

"To ka yafe mini."

"Me ka yi mini? Na yafe, in haka zai sa ka tashi daga ƙasa. Ka kawo mini man zafin nan? Bayana ke ciwo."

Ya kawo. Ya shafa masa. Lokacin ganawa ya ƙare, gandiroba ya buga ƙofa.

Ya je wa matar Yaya da maganar. Tana tsintar shinkafa a tire, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ya gaya mini za ka zo da wannan. Don Allah ka bari, ƙanina. Kai ma ka je asibiti a duba ka, ba ka barci."

Yaya ya rasu a can ciki kafin ya cika wa'adinsa. Aka ba su gawa, aka miƙo musu tabaransa a leda. A wurin zaman makoki wasu daga cikin waɗanda kuɗinsu ya ɓace sun zo, suka ce sun yafe masa satar da ya yi musu. Injiniya na zaune a kan tabarma yana amsa gaisuwa. Ya ce, "Ba shi ba ne, ni ne." Wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sai haƙuri. Allah ya ba ka dangana."

Bai sake gyara kwamfuta ba. Yakan buɗe shagon ya zauna, in kwastoma ya zo ya ce ba wuta, ko da fanka na juyawa. Wanda ya ba shi haya ya karɓi shagonsa. Matarsa ta yi haƙuri iyakar yinta, daga baya ta kwashi yara ta koma gidansu. Ta ce ba ya dukanta, ba ya zaginta, amma zama da shi da zama da kujera duk ɗaya. Yaran Yaya dangin uwarsu suka raba. Sun tashi a matsayin 'ya'yan ɓarawo, babbar ma an fasa neman aurenta saboda haka.

Yanzu yana zama a bakin wani masallaci, ba bara yake ba, ba ya karɓar komai. Duk wanda ya zauna kusa da shi zai ba shi labarin nan, da murya ɗaya, ba hawa ba sauka, kamar mai karanta lambar mota. Mutanen wurin na cewa mutuwar wansa ce ta taɓa shi, suna cewa ba su taɓa ganin ƙanin da ya so wansa haka ba. A nan na ji shi. Ni na yarda da shi, don na yi ciniki da maƙaryata iri-iri, na san yadda suke ƙawata magana. Shi ba ya ƙawata komai. Amma yardata ba ta wanke sunan kowa ba.

Ya 'yan uwa, ina masu cewa ɗan abu ne? Ina masu cewa kowa ma yana yi? Mutanen da suka yi manhaja guminsu ne, ko suna da arziki ko ba su da shi, ko sun san ka ko ba su san ka ba. Dukiyar mai kuɗi ba ta zama halal don ya yi nisa. In ba ka da halin saye, akwai manhajojin da masu su suka ce kyauta ne, kowa ya ɗauka. Ka tambaya a nuna maka. In kuwa kai mai gyara ne, ka gaya wa mutum abin da ka zuba masa. Wanda ya miƙo maka abin da bai sani ba, wuyansa ya miƙo maka.

Kuma ku lura, ba satar farko ce ta kashe mutumin nan ba. Da ya tsaya a kanta, da kunya ce ta yini ɗaya: Yaya ya yi faɗa, matarsa ta samu abin tsokana har tsufa, a wuce wurin. Ɓoyewar ce ta cinye su. Kowane rami da ya haƙa don ya binne na baya ya fi na bayan zurfi.

Muna cewa za mu tuba, za mu faɗi gaskiya in lokaci ya yi, kamar gaskiyar na zaune tana jiranmu. Tana da lokacinta. Akwai ranar da kalma ɗaya daga bakinka za ta fitar da mutum daga ɗaurin da ba nasa ba. Akwai ranar da za ka faɗe ta da rantsuwa, a dafa kafaɗarka a ce sai haƙuri. Haƙƙin Allah, in ka koma gare shi da gaske, mai gafara ne. Haƙƙin mutum kuwa sai mutumin. To wanda ya ce na yafe bai san abin da ya yafe ba, yafiyarsa ta isa? Ni ban sani ba. Na tambayi waɗanda suka fi ni karatu, suka ce a bar wa Allah. Shi ma mutumin bai sani ba, kuma wanda zai tambaya yana ƙarƙashin ƙasa.

In akwai wanda ke zaune a nan da wata magana a cikinsa, wadda wani ke shan wahala saboda ba a faɗe ta ba, kada ya jira wata Juma'ar. Ya tashi ya je yau, tun ana iya yarda da shi.

Allah ka tsare hannuwanmu daga abin da ba namu ba. Ka ba mu ƙarfin jin kunyar duniya tun tana da amfani. Kada ka bar zukatanmu su mutu muna tafiya a kan ƙafafunmu. Ka ji ƙan wanda aka ɗaure bai ci ba, ka wanke sunansa a ranar da ba a goge komai. Allah ya kiyaye mu, mu da 'yan uwanmu da suka amince da mu. Amin.